Gani Ya Kori Ji: Wa Ke Saurara Maka, Kunnenka Ko Bakin Mutane?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin masu kayan waya a babbar kasuwar Maraɗi, ko a bakin tasha, ya san yadda cinikin iyafis ke tafiya. Kafin ka kai hannu, mai kaya ya riga ya gaya maka abin da za ka ji. "Malam, wannan orijina ne, duka yake kamar kana tsakiyar filin biki. Wancan kuwa na yara ne, kar ka ɓata kuɗinka." Sai ya jona a wayarsa, ya zaɓi waƙar da ya ga dama, ya ƙure sauti, ya miƙo maka. Samari biyu ko uku na zaune a kan benci suna kallonka, suna jiran ka gyaɗa kai. Kai ma sai ka gyaɗa. Ka biya, ka kama hanyar gida kana cewa kunnenka ne ya zaɓa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, wato abin da ido ya tabbatar ya fi wanda aka ba ka labari. A cinikin abin sauraro kuwa karin maganar ta juye mana. Ganin kwali da tambari da farashi ya kori jin kunne, ji-ta-ji-ta kuma ta zauna a wurinsa. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, yawancin abin da muke kira "sauti mai daɗi" an riga an zuba mana shi a kai tun kafin mu sa abin a kunne. Kuma maganar ba ta wasa ba ce, domin tana cin aljihun ɗalibi da na ƙaramin ma'aikaci, tana kuma cin abin da ya fi kuɗi tsada, wato kunnen kansa.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, gardama ta kaure a ɗakin hutun malamai a makarantar da nake koyarwa, a kan wane iyafis ya fi wane. Kowa na rantsuwa da nasa. Da na ga abin ba ya ƙarewa, sai na je kasuwa na sayi guda biyu iri ɗaya, daga kwali ɗaya, hannun mutum ɗaya, kowanne jika 2 da rabi. Ɗaya na nannaɗe shi na cusa a aljihu yadda yara ke yi. Ɗayan kuma na shimfiɗa shi cikin wani ɗan akwati mai kyau na tsohon agogo, na ce wani ɗan'uwa ne ya aiko mini da shi daga Dubai. Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar, kafin a tashi na warware ta. Na ba su waya ɗaya, waƙa ɗaya, ban taɓa maɓallin sauti ba.

Wanda ya fara gwadawa dattijo ne a cikinmu, mutumin da duk muke girmamawa. Ya saurari na aljihu, ya yamutsa fuska. Ya saurari na akwati, ya lumshe ido ya ce, "Ai ka ji abu, wannan murya take fita tas." Daga nan fa sai kowa ya bi. Wani ya ce bas ɗin na Dubai ya fi kauri, wani ya ce na kasuwa yana ƙara kamar gwangwani. Wata malama ce kaɗai ta ja ni gefe ta ce a hankali, "Malam, ni fa wallahi ban ji bambanci ba, ko kunnena ne ke da matsala?" Ka lura, mai karatu: ita ce ta ji daidai, amma ita ce ke tuhumar kunnenta.

Ba na kiran wannan bincike, wasa ne na ɗakin malamai. Kuma ba dariya nake wa abokan aikina ba, don ni ma na sha sayen abu saboda wani ya zuga shi, in zo gida in yi ta lallashin kaina cewa yana da daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu malamai ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Me ya sa a jarrabawar BEPC da ta Bak ake rufe sunan ɗalibi, a ba mai gyara takarda da lamba kawai? Ai ba don ana zargin malamai da rashin amana ba ne. An san ɗan Adam ne: in ya ga sunan yaron da ake cewa haziƙi, kuskurensa zai zama tuntuɓe, in ya ga na wanda aka yi wa tambarin daƙiƙi, kuskure iri ɗaya zai zama hujja. Tun a makarantar horon malamai aka koya mana haka. Sai ga mu muna ba iyafis maki da sunansa a buɗe.

Masu ƙera kayan sauti sun daɗe da gano wannan a gidansu. A 1994, Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, wanda ke da JBL da AKG, sun tara ma'aikatan kamfanin su 40 suka sa su ba lasifikoki huɗu maki. Sau ɗaya an bar su suna ganin abin da suke saurare, sau ɗaya kuma an ja labule wanda sauti ke ratsawa amma ido ba ya gani. Da ido buɗe, manyan lasifikoki masu tsada da kyan katako suka kwashe maki. Da aka ja labule, tazarar ta ragu, ƙaramar mai araha ta ɗago. Akwai wani abin da ya fi wannan ban tsoro a sakamakon. In aka sauya wa lasifika wuri a cikin ɗaki, sautinta na canzawa da gaske, kuma a bayan labule mutanen sun ji canjin, makinsu ya nuna. Amma da suna ganin lasifikar, sai makin ya kusan tsayawa inda yake, kamar ba a motsa komai ba. Wato ido ya riga ya yanke hukunci, kunne ya zama ɗan rakiya. Kuma ƙwararrun cikinsu, waɗanda sauraro shi ne aikinsu, su ma ba su tsira ba.

Wannan a kan lasifikar ɗaki aka yi shi. Na kunne ya fi wuyar gwadawa a makance, domin ko an rufe maka ido, kanka zai ji nauyin hedfon, kunnenka zai ji taushin soso ko taurin roba, daga nan ka gane mai tsada ne ko mai araha. Shi ya sa daga baya Olive da abokan aikinsa suka ɓullo da wata dabara: su ɗauki hedfon guda ɗaya, su saita shi da kwamfuta ya kwaikwayi sautin wasu daban-daban, mai sauraro na danna maɓalli yana sauyawa ba tare da ya cire komai daga kansa ba. Ka ga irin wahalar da ake sha don kawai a raba kunne da abin da mutum ya sani. Mu kuwa a tsaye, cikin rana, ga ƙarar babura, ga mai kaya na zuba, muke yanke hukunci cikin minti ɗaya.

Ido ɗaya ne daga cikin masu shiga tsakani. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi a wurinmu, shi ne jama'a. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya fara wani gwaji da har yau ake karantarwa. A zaunar da mutane bakwai ko takwas, a nuna musu layi guda a kan kati, sannan a nuna wasu layuka uku a tambaye su wanne ne tsawonsa ya yi daidai da na farko. Amsar a fili take, ko yaron aji ɗaya zai gane. Sai dai duk mutanen an haɗa baki da su in ban da mutum ɗaya, kuma an tsara su riƙa faɗin amsar da ba daidai ba da murya ɗaya kafin a zo kansa. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. In mutum shi kaɗai ne kuwa, da ƙyar yake kuskure. To in wannan na faruwa da layin da za a iya aunawa da rula, ina ga sauti, wanda ba ka da yadda za ka nuna wa wani da yatsa ka ce ga shi nan?

Asch ya kuma ga cewa in aka samu mutum ɗaya tak a cikin taron da ya faɗi gaskiya, bin jama'ar na raguwa sosai. Haka ma in aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye. Na tuna da malamar nan tamu. Da ita ta fara magana a ɗakin, ko da na raba musu 'yan takardu kowa ya rubuta nasa, ina ganin da labarin ya sha bamban.

A kan kiɗa ma an gwada. A 2006 Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na jami'ar Columbia sun wallafa sakamakon wata kasuwar waƙoƙi da suka kafa a intanet. Mutum sama da 14,000 suka shiga, aka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Wasu an bar su su saurara su zaɓa ba tare da sanin abin da kowa ya yi ba. Sauran an kasa su rukuni takwas, kowane rukuni na ganin yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa a cikinsa. Waƙar da ta zama sarauniya a wannan rukuni sai ka same ta a tsakiyar layi a wancan. Wadda ta yi sa'ar samun masoyan farko, ita jama'a ke dafawa. Waƙoƙin da suka fi kyau da gaske ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, munanan ma ba su cika hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani, sai yadda ta kaya. Mu da muke da kalmar 'yan a bi Yarima a sha kiɗa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Taurari biyar da kake gani ƙarƙashin hoton iyafis a shagon intanet, da bidiyon TikTok da mutum dubu ɗari suka kalla, aikinsu ke nan a kanka.

Kada a ɗauka duk wanda ya ce ya ji bambanci maƙaryaci ne ko mai neman a yabe shi. A nan ne lamarin yake da zurfi. Kunne yana kai saƙo ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke ji, kuma ita ba ta aiki da saƙon kunne shi kaɗai, tana haɗa shi da abin da ta gani da abin da take tsammani. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald a Ingila sun nuna cewa in aka sa wa mutum muryar da ke cewa "ba", amma a hoton bidiyo leɓe na furta "ga", yawancin mutane "da" za su ji. Rufe ido, ka ji "ba". Buɗe, "da" ta dawo, ko da ka san dabarar. Dattijon nan namu da ya ce murya na fita tas, na yi imani haka ya ji. Akwatin agogon ya shiga cikin sautin. Shi ya sa gardamar iyafis ba ta ƙarewa: kowa na faɗin gaskiyar abin da ya ji, sai dai bai san wa ya taya shi ji ba.

Har gwanayen da suka ƙare rayuwarsu a kan kiɗa abin bai bari ba. Gogen Turawa da Antonio Stradivari ya ƙera a Italiya shekaru wajen 300 da suka wuce, ana sayar da guda a kan miliyoyin daloli, ana cewa babu mai muryarsa. A 2010 wata mai bincike daga Faransa, Claudia Fritz, ta sa makaɗa 21 suka gwada tsofaffi uku da sababbi uku a ɗaki mai duhu, sanye da tabarau mai hana gani sosai. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 sababbi suka ɗauka.

Sai maganar farashi, wadda ita ce ta fi shafar aljihunmu. Mun tashi da cewa araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida. A kan takalmi da atamfa ba na musu. A kan sauti kuwa akwai abin dubawa. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba awon na'urorin sauraro 283, masu araha da masu tsada, yana neman ko akwai dangantaka tsakanin farashi da yadda na'ura ke fitar da matakan sauti, daga mai kauri irin na ganga zuwa mai siriri irin na sarewa. Bai samu wata dangantakar kirki ba. A yi adalci: bai auna ƙarko ba, bai auna daɗin sawa ba, bai auna batir ko makirfo ba, kuma duk waɗannan kuɗi ne. Amma abin da ake cewa shi ne dalilin tsadar, wato sautin, farashi ba ya ba ka tabbacinsa.

To me muke saye? Sau da yawa suna. Kamfanin Beats, na mawaƙin Amurka Dr. Dre da abokinsa Jimmy Iovine, ya fitar da hedfon ɗinsa na farko a 2008, kuma babbar dabararsa ita ce ya rataya shi a wuyan mawaƙa da 'yan wasa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, sai da FIFA ta hana 'yan ƙwallo shiga filaye da shi, saboda Sony ne ke cikin masu ɗaukar nauyin gasar, hanin ma ya ƙara masa suna. A shekarar ce Apple ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3. Ba ina cewa kayansu ba su da kyau ba ne. Ina cewa yaron da ya ga Neymar da shi a kai ya gama jin daɗin sautin tun kafin ya taɓa riƙe shi. Kuma mu a nan abin ya ninka, domin da yawa daga abin da ke kan teburan kasuwanninmu da manyan tambura, jabu ne. Kwalin ya yi kama, rubutun ya yi kama, cikin kuwa Allah kaɗai Ya san abin da aka sa. Sai ka ga saurayi na yabon sautin wani babban kamfani, alhali abin da ke kunnensa bai taɓa bi ta ƙofar kamfanin ba. Tambarin yake saurare.

Yanzu ga inda abin ya daina ba ni dariya. Dabarar da ta fi kowace tsufa a wurin mai sayar da kayan sauti ita ce ƙara murya. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin duk matakan sauti daidai wa daida: in murya na ƙasa, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa, in aka ƙara, sai ya fito ya cika kunne. Don haka in ka gwada iyafis biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙara, kusan kullum mai ƙarar za ka ce ya fi daɗi, ko da sautinsu ɗaya ne. Kuma na'urori ba ƙarfinsu ɗaya ba, ko da maɓallin waya na wuri ɗaya. Mai kaya bai karanta Fletcher ba, amma ya san wannan sarai.

Daga nan ne muka samo ma'aunin da samarinmu ke amfani da shi: "yana duka?" In ba ya girgiza kai, ba iyafis ba ne. Ma'auni ne da aka gada daga bakin abokai, kowa na gudun a ce nasa ba ya duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1, masu shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar shi ne babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in aka kai desibel 90, awa 4 kacal ne a mako. Kuma 'yan ƙananan gashin da ke cikin kunne masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ni malami ne, ina da yara a aji da sai na maimaita magana sau biyu, kuma in aka tashi ina jin kiɗan da ke kunnensu daga inda nake tsaye. Ba zan ce iyafis ne ya jawo ba, ni ba likita ba ne. Amma in wayarka ta yi maka gargaɗi cewa ka ƙure sauti, ka danna "na yarda" don abokai sun ce haka ake jin daɗinsa, to ra'ayin mutane ya wuce aljihunka ya shiga jikinka.

Ba kuma kowa ke neman duka ba. Da yawa daga cikinmu abin da muke saurare murya ce: labarai, karatun Alƙur'ani, wa'azi, darasin da aka turo ta WhatsApp, kiran waya a kan babur. Iyafis ɗin da aka cika masa bas yakan danne muryar mutum, ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa. Dattijuwar da ɗanta ya saya mata "wanda kowa ke yabo" ta ce ba ta jin malam da kyau, gaskiyarta ce. Binciken Harman ɗin ma ya nuna haka. Sun gano wani tsarin sauti da kusan biyu cikin uku na masu sauraro suka fi so in ba su san sunan na'ura ba, amma akwai rukunin da ke son a ƙara bas, akwai kuma wanda ke son a rage. Ga shi kuma ramin kunnen kowa daban ne. 'Yar robar da ke bakin iyafis in ba ta toshe naka da kyau ba, bas ɗin zai zube, abin da abokinka ya ji ba shi za ka ji ba ko da abu ɗaya kuka sa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shin ke nan a daina tambayar kowa? A'a, kuma nan ne masu cewa "ni kunnena kawai na yarda da shi" su ma suke kuskure. Akwai abubuwan da kunnenka ba zai taɓa gaya maka a gaban tebur ba. Batir ɗin awa nawa yake yi bayan wata uku? Gefe ɗaya na mutuwa da wuri? Wayar na tsinkewa a wuya? Yana jure zufa da ƙurar hunturu? Wanda kake kira yana jin ka? A kan waɗannan, maƙwabcinka da ya yi wata shida da shi ya fi kowane gwani, kuma in mutum biyar suka ce na wane iri ba ya ƙarko, ka saurare su. Matsalar ita ce mun juya abin. Inda ya kamata mu tambayi mutane, wato ƙarko, sai mu dogara da kyan kwali. Inda ya kamata mu tambayi kunnenmu, wato daɗin sauti, sai mu tambayi mutane.

Muna da magana da masu yi wa kaya sharhi a bidiyo, waɗanda yanzu suka yawaita da harshen Hausa a TikTok da Facebook da YouTube. Aikinsu na da amfani, domin sun kawo bayanin da da sai mai jin Turanci ko Faransanci ke samu. Amma wanda aka ba shi kaya kyauta, ko aka biya shi, ko shagon nasa ne, ya faɗa da bakinsa a farkon bidiyon. Faransa ta mai da wannan doka a watan Yunin 2023, ta wajabta wa masu tallar intanet su rubuta a fili cewa talla ce. Amurka kuma a 2024 ta kafa ƙa'idar hana saye da sayar da sharhin bogi. Mu ko doka ba ta zo ba, ai amana ta riga ta. Sannan a daina yaudarar nan ta kara iyafis a makirfo a ce "ku ji yadda yake duka". Abin da mai kallo ke ji lasifikar wayarsa ce, ba iyafis ɗin ba. Haba jama'a.

Masu tebur su ma, ba mu ce kada su yabi kayansu ba, ciniki ya gaji haka. Amma su bar mai saye ya jona a wayarsa, ya sa abin da ya saba ji. Wanda ya hana ka haka, akwai abin da yake ɓoyewa.

Shi kuma mai saye, abin da zai yi ba ya buƙatar ko dala. Ka je da sautin da ka sani kamar tafin hannunka, muryar mai karanta labaran da kake ji kullum ko waƙar da ka ji sau ɗari. Ka daidaita ƙarar biyun da kunnenka har su zo ɗaya, kuma a matsakaici, ba a ƙure ba. Ka sauya da sauri, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi, bayan nan labarinsa kawai take riƙewa. In da hali ka je da aboki, ka rufe ido shi ya sa maka, kada ya faɗi wanne ne wanne, kada kuma ya faɗi nasa ra'ayin sai ka gama. In ka kasa bambancewa, to ba kunnenka ne ke da laifi ba, ka ɗauki mai arahar ka riƙe canjinka. In kuma ka ji bambanci a makance sau uku a jere, ka biya da zuciya ɗaya, ka san abin da ka saya. Wanda kuma yake son tambarin don ado, ba laifi, kuɗinsa ne, ya dai san ado ya saya.

Ranar da na fasa ƙwan a ɗakin malamai, na ɗora iyafis biyun a kan tebur na ce daga kwali ɗaya suka fito, an yi dariya har da masu riƙe ciki. Malamar nan ta yi hamdala cewa kunnenta lafiya lau. Dattijon namu kuwa bai yi dariya ba. Ya ɗauki na akwatin ya jujjuya, ya sake sawa a kunne, ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, ko daga kwali ɗaya suka fito, ai ko 'yan biyu ma wani ya fi wani." Ya ce in sayar masa da shi. Na ce na bar masa kyauta. Ya ce to har da akwatin.